Masu gina fadar dutse a zamanin jirgin sama: wasa ne, taurin kai ne, ko sana'a?

Akwai wasu bidiyoyi da ke yawo a waya, za ka ga ƙarti sun sha sulke da kwalkwali, ga garkuwa ga takobi, sun jingina tsani a jikin wata ganuwa suna hawa, na sama suna turo su, ana ihu ana buga ganga. Yawanci mutum sai ya ɗauka fim ake yi, ko ya ce ai tsohuwar fada ce ta shekara 700 aka ba su aro. Sau da yawa ko ɗaya ba haka ba ne. Babu darakta, kuma ginin ma wani lokaci bai kai shekarun wanda ke tsaye a kansa ba, wani ne ya sayi fili ya gina abinsa ko kuma ƙungiya ta yi karo-karo ta gina, don kawai su samu inda za su yi rayuwa irin ta Turai ta zamanin barade na kwana biyu ko sati guda, ran Litinin kowa ya cire sulkensa ya koma ofis.

Abin da ke rikita lamarin shi ne mutane iri uku ne ake haɗawa a kwano ɗaya. Akwai 'yan wasa, su fage suke nema, ko da katako aka yi ganuwar ba ruwansu. Akwai mai taurin kai da ya rantse sai ya gina fada da hannunsa ko zai ƙare rayuwarsa a kai. Sai kuma masu bincike, su tambaya ce da su: wai ta yaya mutanen can baya suka ɗaga dutsen nan ba inji ba siminti? Wani wurin ukun suna haɗuwa, wani wurin ko ga maciji ba sa yi. Kuma in ka bi tarihin wuraren nan za ka ga ba kaurin bango ne ke raya su ba, waɗanda suka ɗore su ne waɗanda jama'a ke da hannu a cikinsu.

Ita fadar ta asali fa ba abin wasa ba ce. Gidan mai mulki ne kuma sansanin yaƙi ne, daga nan ake karɓar haraji, nan ake tsare wanda ya yi taurin kai. Sarkin Ingila Edward na ɗaya da ya ci yankin Wales a shekarun 1280 jera su ya yi, Conwy da Harlech da Caernarfon, don mutanen wurin su riƙa ɗaga kai suna tunawa da wanda ya ci su. A fadar Beaumaris da aka fara a 1295 an tara magina 400 da leburori 2,000 a lokaci guda, kuma duk da haka kuɗi ya ƙare ba a gama ba har yau. Da igwa ta yi ƙarfi daga ƙarni na 15 sai doguwar ganuwa ta zama abin harbi kawai, masu kuɗi suka koma gina gidaje masu manyan tagogi, fadojin suka zama kufai wasu ma aka kwashe duwatsun aka yi shinge.

Sha'awar ta dawo ne a ƙarni na 19, daidai lokacin da masana'antu da hayaƙi suka cika biranen Turai, masu hali suka fara kewar zamanin da ba su taɓa gani ba. A 1839 wani basarake a Sikotilan ya shirya gasar barade a Eglinton, an ce 'yan kallo sun kai 100,000, sai aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, dawakai na zamewa a taɓo barade na riƙe da lema, jaridu suka samu abin dariya. Sarki Ludwig na biyu na Bavariya, a Jamus ta yau, ya fara fadar Neuschwanstein a 1869, ita ce wadda ake yawan gani a kalanda, amma mai zanen dandalin wasan kwaikwayo ne ya fara zana ta, cikinta bulo ne da ƙarfe har da famfo da tarho. Kenan tun farko harkar nan da wasan kwaikwayo tare suka taso.

To su 'yan wasan na yanzu. Ƙungiyar da ta fi suna ita ce SCA, an fara ta ranar 1 ga Mayu 1966 a bayan wani gida a Berkeley ta Kalifoniya a Amurka, ɗalibai ne da masu son karatun tarihi suka yi gasar takobi don nishaɗi, abu ya ƙi mutuwa. Yau sun raba duniya zuwa masarautu 20, kowace da sarkinta da sarauniya, kuma sarautar ba gado ba ce ba zaɓe ba ce, faɗa ake yi a fage wanda ya yi nasara ya hau, galibi wata shida ya sauka a sake. Ba da ƙarfe suke dukan juna ba, wata sanda ce mai kama da gora da ake kira ratan, amma sulken na gaske ne don dukan ma na gaske ne. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne wanda aka doka shi ke yanke hukunci, in ka ji saran ya shige ka da ƙarfin da a ce takobi ne da ka mutu, kai za ka faɗi da kanka, in kuma kana ƙin faɗuwa to sunanka ne zai ɓaci a masarauta gaba ɗaya. Babban taronsu shi ne yaƙin Pennsic a jihar Pensilbaniya, tun 1972 ake yi, mutum wajen 10,000 suna kafa tantuna na sati biyu.

Sai masu wasan da suke ce wa LARP, wannan wasan kwaikwayo ne da babu 'yan kallo babu rubutaccen labari, kowa ya ƙirƙiri wanda zai zama, ɗan kasuwa ko boka ko sojan haya ko ɗan leƙen asiri, ya shiga rigarsa ya zauna a cikinta har a tashi. Makamansu na soso ne da aka naɗe a sanda aka yi masa fenti, kuma su ba lallai tarihi suke bi ba, za ka ga aljanu da dodanni a cikin runduna. Wanda ya san kalankuwa a ƙauye, inda samari bayan girbi ke naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu kowa kuma ya bi umarni har wasa ya ƙare, ya riga ya fahimci rabin abin, bambancin kawai su waɗannan manya ne masu albashi kuma suna zuba kuɗi ba na wasa ba. Akwai kuma na uku, 'yan buhurt, su kam takubba da gatura na ƙarfe suke amfani da su an dai dakushe bakin, sulke mai nauyin kilo wajen 30, biyar da biyar ko fiye a shiga shinge a yi ta jibga har ɓangare ɗaya ya zube. An fara gasarsu ta ƙasashe a 2010 a Khotyn ta Yukiren.

Me ya kai su ga gini? Fili fetal bai ba da wasa mai daɗi, runduna biyu su yi karo minti biyar an gama. Amma in akwai ƙofa ƙunƙuntacciya da gada da hasumiya, mutum 30 sai su tare 200, dole a yi dabara, a yi sulhu, a nemi maci amana daga ciki ya buɗe ƙofa da dare. Tsofaffin fadojin kuma hukumomin adana kayan tarihi ba za su bari ka jingina tsani a jikinsu ba, balle ka kunna wuta ka kwana. Shi ya sa a wurin taron Gulf Wars na SCA kusa da Lumberton a jihar Misisifi aka gina sansani na dindindin da ake kai wa hari duk shekara.

Amma inda abin ya kai maƙura shi ne Bicolline, a Saint-Mathieu-du-Parc cikin lardin Kubek na Kanada, inda Faransanci ake yi. An fara a 1994, yau gine-ginen da ke wurin sun haura 200, kuma ba kamfani ne ya gina ya ce ku zo ku yi haya ba, 'yan wasan ne da kansu. Kowace ƙungiya tana tara kuɗi, ta kai zanen abin da take so a duba ko ya dace da kamannin garin, sannan su kwashe ƙarshen mako bayan ƙarshen mako suna sassaƙa da kafa ƙusa, wasu masauki wasu hasumiya wasu ƙaramin sansani da shingen gungume. Suna da kuɗinsu na wasa da suke kira solar, suna da siyasa da ciniki da ƙawance da ake ci gaba da ƙullawa ta intanet duk shekara, sai a watan Agusta a haɗu dubbai na sati guda a warware rigimar a fagen daga. Akwai dokar cewa kada a ga kayan zamani a fili, in kana da kula ta ruwan sanyi sai ka rufe ta da buhu ko akwatin katako, waya kuma a aljihu. Lura da dabarar da ke ciki: mutumin da ya kashe albashinsa da hutunsa ya gina ɗaki a wuri, ba ya bukatar talla kafin ya dawo baɗi, zai dawo ya duba rufinsa bayan dusar ƙanƙara, zai jawo abokinsa don a samu mai riƙe masa katako, ɗansa zai taso a wurin. Ginin ne ya ɗaure su, kodayake yawancinsa katako ne da ba zai tsaya wa igwa ko ta minti ɗaya ba.

Wani zai ce to wannan wane irin tarihi ne? Gaskiya tambayar tana kan hanya. A Turai ta wancan zamani mafi yawan mutane manoma ne da ke ƙarƙashin mai ƙasa, ga yunwa ga annobar da ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen nahiyar a tsakiyar ƙarni na 14, amma a filin wasa kusan kowa basarake ne ko barde, ba wanda ke biyan kuɗin shiga don ya zama mai kwashe kashin doki. Su 'yan SCA ba sa ɓoyewa, suna cewa zamanin suke rayawa yadda ya kamata a ce ya kasance, ba yadda ya kasance ba. Akwai kuma wurin da abin ke da ƙaiƙayi musamman ga Musulmi, wato kayan mayaƙan yaƙin gicciye, farar riga da jan gicciye, wanda masu aƙidar fifita farar fata suka mayar tambarinsu, an ga irin garkuwoyin nan a zanga-zangar da suka yi a garin Charlottesville na Amurka a 2017. Ƙungiyoyin wasan da yawa sun fito sun nesanta kansu, kuma a cikinsu akwai masu shigar Andalus da Misra da Daular Usmaniyya suna nazarin tufafi da girkin can. A Alcoy ta Sifen kuwa duk shekara ana kafa fadar katako a dandalin gari, rundunar "Musulmi" ta ƙwace da safe ta "Kirista" ta ƙwato da yamma, mutanen garin suna ganin biki ne kawai kuma da yawa ma layin shigar Musulmin suke so don kayan sun fi kyau, amma wanda ya san yadda Andalus ta ƙare a 1492 ba lallai ya kalle shi da ido ɗaya da su ba.

Mu koma kan masu taurin kai, don labarinsu ya fi daɗi. Harry Andrews tsohon ma'aikacin jinya ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya zaga Turai ya ga fadoji, ya dawo jihar Ohio yana koyar da yara a coci ran Lahadi yana fita da su zango bakin kogin Little Miami kusa da Loveland. Yaran ya sa musu suna baraden Golden Trail, sai ya ce ai barade ba sa zama a tanti. Daga ƙarshen shekarun 1920 ya fara kwaso duwatsu daga kogi a bokiti, da ya ga dutse bai isa ba sai ya koma zuba kwaɓin siminti a kwalayen madara yana fitar da bulo, haka ya yi ta yi sama da shekara 50 har ya rasu a 1981. Ya bar wa ƙungiyar baraden wasiyyar ginin, su ke riƙe da shi har yau, suna karɓar baƙi suna ɗaura aure a ciki suna gyara. Shi kuma Jim Bishop na Kolorado yana ɗan shekara 15 ya sayi fili a dutse kan dala 450, a 1969 ya fara ɗan ɗakin dutse, masu wucewa suka riƙa tambayarsa wai fada kake ginawa, sai ya ce to bari ta zama fadar. Hasumiyarsa ta kai ƙafa 160, ga gadojin ƙarfe a sama da iska ke kaɗawa, shi kaɗai ya yi mafi yawan aikin, ya yi ta rigima da hukuma kan duwatsun da yake ɗiba daga dajin gwamnati, ya cika wurin da alluna yana zagin gwamnati. Ya rasu a 2024. Ginin abin mamaki ne wallahi, amma mutum ɗaya ne ya san inda kowane dutse yake da dalilinsa, yanzu nauyin ya koma kan iyalinsa, alhali na Andrews tun yana raye akwai jama'ar da ke ganin nasu ne.

Kuma duk wanda ya ce zai gina irin wannan yau, abokin gabansa na farko ba maharan sulke ba ne, jami'in ba da izinin gini ne. Duk abin da ya sa fada ta zama fada dokar gini ta zamani ta hana shi. Taga siririya don kada kibiya ta shigo, doka ta ce ɗakin kwana sai da tagar da mutum zai iya fita in gobara ta tashi. Matakala ƙunƙuntacciya mai murɗewa, doka ta ce ga faɗi ga tsawon kowane taki ga abin riƙewa. Saman ganuwa sai an sa shinge, in za ka tara jama'a sai ƙofofin gudu da banɗaki da inshora, kamfanin inshora kuma da ya ji za a yi faɗa da takobi a kan bango sai ya ninka kuɗi. Ga danshi, dutse yana shan ruwa yana riƙe sanyi, rufin da aka yi shi a shimfiɗe don a tsaya a kai yoyo yake yi. Shi ya sa yawancin sababbin fadojin da ake gani a hoto ƙarya ce ta ado, bulo ne da kankare da rodi a ciki aka manna siraran duwatsu a waje. In kuma mai shi ya gaji ya ce zai sayar, banki bai san yadda zai yi wa abin kuɗi ba, don babu makamancinsa a unguwa.

Wani manomi a Surrey ta Ingila ya yi tunanin ya fi doka wayo. Dokarsu a lokacin ta ce ginin da ya shekara huɗu a tsaye ba a ƙalubalance shi ba ya tsira, sai ya gina gidansa mai hasumiya da igwa a bakin ƙofa a bayan wani tulin damin ciyawa da ya rufe da tamfol, ya shiga da iyalinsa suka zauna a ɓoye, a 2006 ya kwashe ciyawar ya ce shekara huɗu ta cika. Hukuma ta ce ai kwashe ciyawar ma cikin aikin ginin yake, don haka yanzu aka fara lissafi. Shekara goma ana shari'a, a 2016 dole ya rushe. Abin dariyar shi ne ko a zamanin da ɗin ma a Ingila masu kuɗi takardar izini suke nema wurin sarki kafin su yi wa gidansu haƙoran ganuwa.

Sai fadar Guédelon, wadda ita ce ta mayar da abin sana'a. Tana cikin daji kusa da Treigny a yankin Burgundi na Faransa. Michel Guyot, wanda ya sayi tsohuwar fadar Saint-Fargeau yana gyarawa, masu bincike suka gaya masa akwai tsohon gini na ƙarni na 13 a ɓoye cikin bangonta, daga nan tunani ya zo masa na a gina irinsa daga tushe. Maryline Martin ce ta ɗauki nauyin mayar da mafarkin aiki, da niyyar samar wa marasa aikin yi sana'a. An fara a 1997 a wata tsohuwar mahaƙar dutse da aka yi watsi da ita, an zaɓi wurin ne don dutse da itacen oak da yumɓu da yashi da ruwa duk suna nan kusa, don a da jigilar kaya ita ke cinye kuɗin gini. Suka ce mu ɗauka yau shekarar 1228 ce, har suka ƙirƙiri mai gidan, wani ƙaramin basarake mai suna Guilbert, kuma wannan ba shirme ba ne, shi ke yanke musu hukunci: duk abin da za a ƙara sai a tambaya shin mai matsayi irin nasa yana da kuɗin wannan? In babu, an fasa.

Komai da hannu. Masu fasa dutse suna bin jijiyarsa su kafa ƙarafa su tsaga, masassaƙa su gyara fuska, maƙera suna nan kullum suna wasa kayan aikin da dutse ya cinye, masu igiya na tufka, doki na jan amalanke. Ɗaga kaya sama kuwa da wata ƙatuwar ƙafar katako ake yi, mutum ya shiga cikinta yana tafiya tana juyawa tana naɗe igiya, dutse mai nauyin ɗaruruwan kilo ya tashi. Awo da igiya mai ƙulli 13 ake yi, tazara 12 daidai wa daida, in ka naɗe ta uku da huɗu da biyar ta ba ka kusurwa miƙaƙƙiya ba tare da ka san lissafin makaranta ba. Bangon fuska biyu ne na gyararren dutse a cika tsakiya da ɓaraguzai da kwaɓin farar ƙasa da yashi, kwaɓin nan ba ya bushewa da wuri irin siminti, yana ɗaukar shekaru a can ciki, wanda hakan ke ba ginin damar zama a hankali ba tare da ya tsage ba. Da sanyi ya shigo sai a dakata a lulluɓe kan bango don kada ƙanƙara ta ɓata shi. Amma fa dokar ƙwadago ta Faransa ba ta san 1228 ba, ƙarƙashin doguwar rigar nan takalmin kariya ne, mai fasa dutse da gilashinsa a ido, kuma albashi ake biya ba aikin tilas ba. Shi ya sa ma ake daɗewa, Richard sarkin Ingila ya gama fadar Château Gaillard cikin shekara biyu kacal daga 1196 don ya zuba dukiya da ɗimbin ma'aikata, su kuwa 'yan gommai ne kuma rabin ranarsu amsa tambayoyin baƙi suke yi.

To wannan amsa tambayar ita ce kasuwar. Mutum wajen 300,000 ke zuwa a shekara, da yawa 'yan makaranta, kuɗin tikitinsu ne ke biyan magina. Ba ginin suke zuwa gani ba, Faransa cike take da fadoji na gaske, aikin suke zuwa gani, kuma wanda ya zo bana zai so ya dawo bayan shekara uku ya ga inda hasumiya ta kai. Masu dariya a farko suna cewa wurin wasan yara ne sun yi shiru bayan gobarar cocin Notre-Dame ta Paris ranar 15 ga Afrilu 2019, da rufin katakonta na ƙarni na 13 ya ƙone ƙurmus. An yi ta cewa babu sauran wanda ya iya irin wannan aikin, sai ga kafintocin da suka koyi sassaƙe ɗanyen gungume da gatari a Guédelon, aka sa su cikin masu aikin, cocin ta sake buɗewa a Disamba 2024. Takarda za ta iya nuna maka siffar rufi, amma yadda ake bin jijiyar itace da gatari don kada ya murɗe in ya bushe, wannan sai wanda ya yi.

Kada kuma a ɗauka ko'ina aka kwafa zai yi. Guyot ɗin da kansa ya shiga wani aikin irinsa a Lead Hill ta jihar Akansas a Amurka, aka buɗe a 2010, kafin Janairun 2012 an rufe don baƙi ba su zo yadda aka zata ba, bangon da aka fara ciyawa ta cinye shi. A ganina dalilin a bayyane yake, wurin lungu ne, kuma yaron Faransa fadar nan tana cikin darasinsa na aji da tarihin garinsu, yaron Akansas kuwa a talabijin ya san ta. A Jamus an fara Campus Galli kusa da Messkirch a 2013, su gidan ibada suke ginawa bisa wani zane na ƙarni na 9, suna tafiya amma da tallafin hukuma.

Mu ma an taɓa gwada wani abu mai kama da wannan. A Jos akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya da wani masanin gini ɗan Polan, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranta a shekarun 1970, inda aka kawo magina suka sake gina wani yanki na ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da tubali da azara. Aikin an yi shi da kyau, sai dai an ɗauke shi a matsayin abin da za a gama a yanke ƙyalle, ginin ƙasa kuwa kowace damina sai ta ci rabonta, in babu magini a wurin duk shekara da kuɗin da zai biya shi to komawa ƙasa yake yi.

Ita Guédelon matsalarta ta gaba ita ce gamawa. Da farko shekara 25 aka ɗiba, wa'adin ya wuce ana nan ana yi, kuma ban ga alamar wani na gaggawa ba. Ranar da aka ɗora dutse na ƙarshe aka kwance ƙafar katakon nan, maƙera da masu tufka ba su da sauran abin yi, wurin ya zama ƙaramar fada guda a ƙasar da ke da dubbai, kuma ita ce mafi ƙarancin shekaru a cikinsu. Shi ya sa suka riga suka fara faɗaɗa aikin zuwa wajen ganuwa, sun gina injin niƙa mai aiki da ruwa bisa ragowar wani na ƙarni na 12 da masu haƙar tarihi suka tono a Thervay, suna niƙa gari da shi suna gasa burodi, ga rini ga ƙona tayil ɗin rufi ga zanen bango da launin da suke haƙowa a dajin.